Amsar Baffa a Kan Sunan Rufaida

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a tsanake. Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya ba ku mai albarka. Ka ce an duba an gaya muku mace ce, mai ɗakinka kuma ta ƙwallafa rai a kan sunan Rufaida, kai ma ya kwanta maka. Sai dai ba ka taɓa jin mai sunan a danginmu ba, wani abokinka ya ce maka ma'anarsa "wadda ta ƙi gaskiya", ga kuma fargabar kada mahaifiyarka ta ga an tsallake ta, tunda wannan ce 'yarka ta fari. Ka kyauta da ka tambaya tun kafin a haihu. Matambayi ba ya ɓata.

Zan fara da maganar abokin naka, don ita ce ta fi damuna. Da irin wannan sanin rabi da rabi ake ɓata wa kyakkyawan suna suna. Kalmomi biyu ya cakuɗa. A Larabci akwai rafada da harafin dal, ma'anarta ya tallafa, ya ba da gudummawa. Akwai kuma wata rafada da harafin da muke kira lodi a makarantar allo, ita ce ke nufin ya ƙi, ya yi watsi da abu. A rubutun boko duka biyun da "d" ake rubuta su, shi ya sa wanda a waya kawai ya ga kalmar ba zai raba su ba. Amma kakanninmu da kunne suka ɗauki Larabci, ba su taɓa haɗa haruffan nan ba. Lodi lam suke mayar da shi, shi ya sa kake jin alƙali, alwala, farilla, lalura. Da sunan nan daga kalmar ƙi ya fito, da Rufaila za ka ji tsofaffin malamai suna cewa. Rufaida da dal take, ba ta da wata dangantaka da ƙin gaskiya.

Irin wannan ruɗanin ya taɓa sunan Asiya ma. Akwai Asiya matar Fir'auna, baiwar Allah mai imani, wadda muke sa wa 'ya'yanmu sunanta. Akwai kuma wata kalma mai kama da ita a kunne, da ain da sodi, mai nufin mai saɓo. Wannan ta biyun ce sunan wata 'yar Sayyidina Umar, Manzon Allah (SAW) ya canza mata zuwa Jamila. Da za a bi ta masu sanin rabi, da an hana mu Asiya tuntuni.

To, mece ce ma'anar Rufaida? Tushenta rifdu ne, wato kyauta ko tallafin da ake kai wa mabuƙaci. Daga nan aka sami rifada, hidimar ciyar da mahajjata a Makka wadda Ƙuraishawa suka riƙe tun kafin Musulunci, har ta zo hannun Hashim, kakan mahaifin Annabi. Daga nan kuma Larabawa ke kiran ƙasar Iraƙi Biladur Rafidaini, saboda kogunan Dijla da Furat da ke shayar da ita. Har ƙyallen da ake ɗorawa a kan rauni a ɗaure, rifada suke ce masa. Shi kuwa ginin sunan, tasgiri ne, yadda Larabawa ke ƙanƙanta kalma don nuna so da lele. Haka Hasan ya ba da Husaini, haka aka sami Zubairu, Umairu, Nusaiba, Umaima da Juwairiyya. Don haka idan ka kira 'yarka Rufaida, cewa kake yi 'yar kyauta, 'yar gudummawar da Allah ya kawo gida. Wane uba ne zai ƙi wannan?

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mai sunan. Rufaida al-Aslamiyya sahabiya ce 'yar ƙabilar Aslam, a Madina ta yi hidimarta. Tana da hema, wato tanti, a cikin masallacin Annabi, a nan take jinyar waɗanda suka ji rauni. Ibn Ishaƙ, marubucin tarihin Annabi wanda ya rasu wajen shekara ta 150 bayan Hijira, ya siffanta ta da cewa tana yi wa masu rauni magani, ta kuma sadaukar da kanta domin lada ga hidimar duk Musulmin da ba shi da mai kula da shi. Ka tsaya a kan wannan gaɓa ta ƙarshe, ɗana. Mai dangi ba ya rasa mai jinya. Ita waɗanda ba su da kowa ta nema.

A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, aka yi yaƙin Khandaƙ, wanda ake kira yaƙin gwalalo. Kibiya ta sami Sa'ad ɗan Mu'azu, shugaban ƙabilar Aus, a babbar jijiyar hannu, jini ya yi ta zuba. Mutum ne mai gida da dangi da jama'a, Madina kaf ta san shi. Duk da haka Manzon Allah ya ce a kai shi hemar Rufaida, don ya riƙa duba shi daga kusa. Imam Bukhari ya kawo a cikin Al-Adabul Mufrad cewa idan Annabi ya biyo ta wurin da yamma yakan tambaye shi yaya ya wuni, da safe kuma yaya ya kwana, Sa'ad yana ba shi amsa. Ka auna girman amanar nan. Sa'ad ɗin da hadisi ingantacce ya ce Al'arshi ya girgiza saboda rasuwarsa, a hannun wannan mata aka damƙa jinyarsa, a cikin masallaci, da umarnin Annabi da kansa. Duk lokacin da na ji ana gardamar ko ya dace 'ya mace ta karanci aikin jinya ko likitanci, wannan hema nake tunawa, kuma ban ga abin da ya rage na gardama ba.

Shi ya sa marubuta da yawa na wannan zamani ke kiranta ma'aikaciyar jinya ta farko a Musulunci. Florence Nightingale, 'yar Ingila da duniya ta sani da wannan aiki, a 1820 aka haife ta, a 1854 ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya, sama da shekara 1,200 bayan Khandaƙ. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai: a intanet za ka ga an yi wa labarin Rufaida ado da ƙare-ƙare iri-iri. Ka riƙe abin da tsofaffin littattafan sira suka kawo, ya ishe ta daraja. Za ka kuma iya cin karo da sunan Ku'aiba 'yar Sa'ad al-Aslamiyya, wanda malamin tarihi Ibn Sa'ad ya ambata a matsayin mai hemar da ta yi jinyar Sa'ad ɗan Mu'azu. Kada wannan ya rikita ka, saɓanin ruwaya ne a kan suna, aikin dai ɗaya ne.

Batun cewa ba a saba jin sunan ba, dalilinsa a fili yake. Suna ta hanyar takwara yake yaɗuwa. Kaka A'isha ce, jika ta zama A'isha, ita ma a yi mata takwara, a haka 'yan sunaye kaɗan suka cika gidaje: Hauwa, Maryam, Amina, Khadija, Fatima, Zainab. Sunaye ne na iyayen annabawa da iyalan gidan Annabi, kullum ana jin su a wa'azi da karatu. Sahabiyan da labarinsu ke cikin manyan littattafai kuwa, sai malamai suka san su. Da makarantun Islamiyya suka yawaita, mata suka shiga karatun sira da kansu, sai aka fara jin Sumayya, Nusaiba, Khaulat da Rumaisa'u. A wannan ayari Rufaida ta shigo, ita dai ba ta yi saurin bazuwa kamar su ba.

Kuma ƙarancin masu suna ba aibu ba ne. Allah da kansa ya raɗa wa Annabi Yahya suna, ya ce a Suratu Maryam, aya ta 7, bai sanya masa takwara ba kafinsa. Sunan Muhammadu ma ba sananne ba ne a wurin Larabawa lokacin da Abdulmuɗɗalibi ya zaɓe shi. Abin da Annabi ya kula da shi ma'ana ce. Barra, mai nufin mai yawan nagarta, ya canza wa matarsa ita zuwa Juwairiyya, ya kuma canza wa Zainab irinsa saboda akwai yabon kai a ciki. Abin da nake ƙi shi ne abin da na ga wasu iyayen yanzu suna yi, a tsinci kalma a waya don kawai tana da daɗin faɗa kuma babu mai ita a unguwa, a liƙa wa yaro, in ka tambayi ma'ana a yi shiru. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wata rana yarinyar nan za ta tambaye ka wace ce mai sunanta, kai kuwa kana da amsar da za ka ba ta kai a ɗage.

Saura maganar mahaifiyarka, kuma a nan nake so ka yi taka-tsantsan. Raɗa wa 'ya sunan uwa ba farilla ba ne, haƙƙin zaɓen suna naka ne kai uba. Amma girmamawa ce da iyaye mata ke ji har cikin rai, ko da ba su furta ba. Na san mahaifiyarka tun tana amarya a gidan yayana, mace ce mai kawaici, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce a sa sunanta ba, wannan ne ma ya sa bai kamata ta ji sunan jikarta a bakin jama'a ranar suna ba. Ka je da ƙafarka, kada ka yi ta waya. Ka zauna ka ba ta labarin hemar nan da jinyar Sa'ad kamar yadda na ba ka, sannan ka ce shawararta kake nema. Idan ta sa albarka, shi ke nan. Idan ka ga fuskarta ta canza, ko ta ce "duk yadda kuka yi daidai ne" da sanyin murya, to ka gane. Ka yi mata takwara, ka lallashi mai ɗakinka, ai dama ba za ku iya kiran yarinyar da sunan ba saboda alkunya, dole a nemi lakabi. Sai Rufaida ta zama abin kira a gida, ko ku ajiye shi wa ƙanwarta in Allah ya kawo. Farin cikin uwa ya fi ƙarfin sha'awar suna, komai kyansa.

Ko wanne kuka tsayar, ku daidaita rubutunsa tun ranar farko. Ana rubuta Rufaida, Rufaidah, Rufayda, wasu ma Rufaidatu kamar yadda ake cewa A'ishatu. Duk ɗaya ne, amma wanda ya shiga takardar haihuwa shi za a bi a makaranta da fasfo, kuma gyaran harafi ɗaya bayan shekaru wahala ce da ba ta da dalili. Ni Rufaida zan zaɓa, don haka bakinmu ke faɗarsa. Idan kuma lakabi ya zama, kada ku bari ya kori sunan yanka daga takardu.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce mata zaɓinta ya yi kyau kuma na yaba da karatunta. In ka dawo daga wurin mahaifiyar taka, ka kira ni in ji yadda kuka yi. Idan akwai buƙatar in sa baki, zan zo da kaina in yi mata magana.

Naka,
Baffa