Ɗalibaina sun iya hadda, amma da an juya tambaya sai su yi zuru

Tambaya: Ina koyar da kemistiri a wata sakandare. Ɗalibaina na SS2 suna haddace ma'anoni tsaf, amma da an ɗan juya tambaya sai su yi zuru. Ɗakin gwajinmu kuma babu kayan kirki. Yaya zan yi su riƙa tunani da kansu?

Amsa: Malama, wani ɓangare na laifin namu ne, mu malamai. Mun saba miƙa wa yara amsa tun ba su ji ƙishin tambayar ba. Ki juya tsarin: su fara yin hasashe, sannan a gwada.

Ki dafa zoɓo ki tace, ki raba shi kofi uku. Ki kawo lemon tsami, ruwan kanwa da ruwan toka. Kafin ki ɗiga komai, kowa ya rubuta launin da yake tsammani da dalilinsa. Lemon tsami zai ƙara wa zoɓon ja, kanwa da toka kuwa za su mayar da shi kore-kore mai duhu, domin launin zoɓo yana canzawa tsakanin asid (kamar lemon tsami) da alkali (kamar kanwa da toka). A nan ne aikinki yake. Kada ki yi saurin bayani. Ki tambaye su: "In na zuba lemon tsamin a kofin kanwa fa, jan zai dawo?" Ki bar su su yi gardama, ko da za a ci minti goma. Yarinyar da ta ga jan ya dawo da idonta ta fahimci yadda asid ke kashe kaifin alkali fiye da wadda ta haddace shafi guda.

Wata tambayar da nake ƙauna: an ƙona dami na itace, toka kaɗan ta rage, ina sauran nauyin ya tafi? Da yawa za su ce ya ɓace. Daga nan ki ja su zuwa hayaƙi, tururi da iskar kabon, har su iso da ƙafarsu ga dokar Lavoisier, wadda ta ce nauyin abu ba ya ɓacewa, siffa kawai yake canzawa.

A lissafi ma haka. Ɗalibi ya samo giram 500 na gishiri a cikin ruwa santimita kubik 25, ya ja layi biyu a ƙasa. Kada ki sa masa jan biro kawai. Ɗauko ƙaramin kofi ki ce ya nuna miki inda rabin kilo zai shiga.

Na san manhaja tana da tsawo, WAEC da NECO kuma ba sa jira. Darasi ɗaya a mako ya isa farawa, kuma ki ba da maki ga dalili mai kyau ko da hasashen bai ci ba.