Yaya Ake Auna Ingancin Bayanin Kayan Aikin Wakilin Ƙirƙirarriyar Basira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani kamfanin hidimar masu Umara a Jiddah, mun haɗa wakilin ƙirƙirarriyar basira da ke amsa saƙonnin baƙinmu na Najeriya da Nijar, yana duba musu masauki a Makka da Madina. Na rubuta wa kowane kayan aiki, wato kowane aikin manhajarmu da wakilin ke iya kira, bayaninsa, amma wakilin yakan kira wanda bai dace ba. Ta yaya zan gane ko bayanin ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajarka. Abu uku ne ke isa gare shi: sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta, da tsarin guraben da zai cike, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace irin abin da zai shiga kowane gurbi. Haka abin yake tun da kamfanin OpenAI ya fito da hanyar kiran ayyuka, wato yadda wakili ke kiran kayan aiki, a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Duk abin da ka sani a ranka amma ba ka rubuta ba, da zato wakilin zai cike gurbinsa, shi ya sa wanda ya rubuta bayani bai cancanci ya zama alƙalinsa ba. Ka miƙa takardar bayanin ga abokin aikinka da bai taɓa taɓa manhajar ba, ka ce ya faɗa maka yaushe zai yi amfani da kowane kayan aiki. Inda ya tsaya yana tambaya, nan gyara yake.

Inda na fi ganin ɓarna a irin aikinku shi ne gurbin kwanan wata. Alhaji zai rubuto cewa yana son shiga Madina ranar 20 ga Ramadan, idan kuwa bayanin bai fayyace cewa Miladiyya ake so ba, a jere shekara, wata, rana, wakilin na iya tura kwanan Hijira yadda ya zo. Ko da ya juya shi, sai an gaya masa lissafin da zai bi, domin kalandar Ummul Ƙura da ake aiki da ita a Saudiyya tana iya saɓa wa ganin wata na Najeriya da kwana guda, kuma kowa ya san abin da kwana guda ke nufi ga mai neman ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe. Haka batun lokaci, tunda agogon Makka ya riga na Kano da awa 2. Kuɗi ma haka: idan manhajar da halala take lissafi, wanda 100 ne ke yin riyal ɗaya, amma ba a rubuta ba, ɗakin riyal 450 sai ya koma riyal huɗu da rabi.

Kiran wanda bai dace ba da ka ambata yawanci daga kayan aiki biyu masu kama da juna yake zuwa, kamar na duba ɗaki da na kama ɗaki. Kowane bayani ya faɗi lokacin da bai kamata a kira shi ba, na kamawa kuma ya bayyana cewa kuɗi zai fita.

Ma'auni na gaskiya dai gwaji ne. Ka tara saƙonnin baƙinku na haƙiƙa, bayan ka goge sunaye da lambobin fasfo, ka bar su da Hausarsu mai gauraye da Larabci, domin ko da Turanci ka rubuta bayanin, ba da shi alhazai za su yi magana ba. A gaban kowane saƙo ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata ya shiga kowane gurbi. Ka sa har da saƙonnin da ba sa buƙatar kiran komai, kamar mai tambayar hukuncin ihirami, da waɗanda daidai shi ne wakilin ya nemi ƙarin bayani kafin ya motsa. Kowane saƙo a maimaita shi sau da dama, saboda amsar manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan za ka gyara, jimla ɗaya za ka canza ka sake gwadawa, sannan ka keɓe wani kaso na saƙonnin da ba za ka duba ba sai a ƙarshe, don kada ka ɗinka bayanin daidai jikin jarrabawarka kaɗai.

Akwai jadawalin gwaji na jami'ar Berkeley da ke Amurka kan kiran ayyuka, amma ƙarfin manhajojin basirar yake aunawa, ba rubutunka ba. Kada kuma ka wadatu da adadin nasara. Ka zauna ka karanta tattaunawar da wakilin ya gaza a cikinta, musamman abin da wakilin ya yi bayan kayan aikin ya mayar masa da kuskure. Idan saƙon kuskuren lamba ce kawai, za ka ga yana maimaita kira ɗaya, idan kuwa ya ce kwanan watan bai zo a tsarin Miladiyya ba ya kuma kawo misali, galibi a kira na biyu yake gyarawa, don haka saƙonnin kuskure ma ka sa su cikin abin da kake aunawa.