Sabuwar na'urar juya CD za ta gyara sautin falona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da amfilifaya da sifika biyu a falo, da ƙaramar DAC, mai mayar da lambobin faifai sauti, da na saya bara. Fayafan CD ɗina sun cika kwali, kuma da tsohuwar na'urar DVD nake juya su, na haɗa ta da DAC ɗin da waya. Wani abokina ya matsa mini in sayi tiransifot na musamman, wato na'urar da aikinta karanto CD kaɗai, irin Audiolab 6000CDT ko Cambridge CXC, wai ina cutar kunnena. Kuɗin da kauri. In saya ko in haƙura? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar zura hannu a aljihu. Canjin da za ka ji, in ma ka ji shi, ƙarami ne, kuma ya fi dogara da DAC ɗinka fiye da sabuwar na'urar.

Na'urar CD ta gama-gari aiki biyu take yi a cikin akwati ɗaya. Ɓangare na farko yana juya faifai, hasken lesa ya karanto lambobin da ke jikinsa. Na biyu, wato DAC, shi ke mayar da lambobin nan sautin da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi. Tiransifot ɓangaren farko ne zalla, ba ya fitar da sauti, lambobi kawai yake miƙawa. Kuma lambobin a ƙayyade suke tun 1980 da Sony da Philips suka yi matsaya a kan tsarin CD: awo 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane ɓangare, hagu da dama, kowane awo bit 16, wato jerin sifili da ɗaya guda 16. Sun kuma saka wa faifan tsarin gyara kuskure mai suna CIRC, wanda ke iya cike gurbin karce mai tsawon kusan milimita biyu da rabi ba tare da lamba ko ɗaya ta sauya ba. Saboda haka na'urori biyu masu lafiya, a kan faifai mai tsabta, lambobi iri ɗaya suke fitarwa. Masu kwafar CD zuwa kwamfuta sun daɗe da tabbatar da haka: rumbun AccurateRip yana gwada kwafin da mutane daban-daban suka yi da na'urori masu arha, kuma sai a tarar sun yi daidai har bit na ƙarshe.

To, abokinka ƙarya yake yi ke nan? A'a, akwai inda maganarsa take da tushe, wato lokaci. Bai wadatar lambobin su zo daidai ba, dole a mayar da kowacce sauti a daidai lokacinta. Kamar makaɗin kalangu ne da bai bar bugu ko ɗaya ba, amma hannunsa yana ɗan riga yana ɗan makara. Wannan tangarɗar ita ake kira jita, kuma a nan ana auna ta da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Tsarin S/PDIF, wanda wayar da ta haɗa DVD ɗinka da DAC ke amfani da shi, yana cusa bugun agogo a cikin lambobin kansu, sai DAC ta tsamo shi daga can. A DAC na shekarun 1990 da yawa, in agogon tiransifot yana rawa, rawar kan ɓullo a sauti, shi ya sa a wancan zamanin kamfanoni suka zuba fasaha a kan abin juya faifai. TEAC ta yi tsarin VRDS mai danne faifan gaba ɗaya don kada ya girgiza, CEC kuma ta yi masu juyawa da bel. Amma DAC na yanzu masu nagarta sukan tara lambobin tukuna, ko su sake jera su da nasu agogon, don haka rawar da ta biyo waya ba ta cika kaiwa kunne ba. In DAC ɗinka ta bara irin waɗannan ce, ta riga ta shanye mafi yawan abin da za ka biya kuɗi a gyara.

Akwai abin da tiransifot na musamman ya fi na'urar DVD da shi, kuma ban raina shi ba. Ba ya ɗaukar lokaci yana laluben wane irin faifai aka saka masa, injinsa bai cika gurnani ba, ba ka buƙatar kunna talabijin don ka ga inda kake. Shi 6000CDT yana karanto gaba ya ajiye kafin ya miƙa, abin da ke taimakawa a kan faifan da ya sha hannu. Jin daɗin amfani ne, kuma halal ne mutum ya saya don shi, muddin ya san abin da ya saya ke nan.

Kafin nan, shiga saitin DVD ɗin ka tabbatar sautin da take fitarwa yana kan PCM, wato lambobin sauti zalla irin na CD, ka kashe duk wani ƙarin bas ko tsarin sinima. Sannan ka roƙi abokin naka ya kawo tasa gidanka. Ku haɗa biyun da DAC ɗaya, wani ya riƙa sauyawa kana ba su baya, ba ka san wacce ke aiki ba. A yi sau goma. In ka gane ta sau tara, saya, kunnenka ya yi hukunci. In ka tsaya a biyar ko shida, canke kake yi. Ido yana da saurin ruɗar kunne, musamman in akwatin yana sheƙi kuma an san farashinsa.

Ni da kuɗin a hannuna suke, falon zan fara dubawa. Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana mayar da sauti ya yi ta amsa-kuwwa, kuma kafet mai kauri tsakaninka da sifika, da labule, da janye sifikar daga kusurwa, za su yi canjin da ko baƙo zai ji. Bayan wannan sai sifikar kanta.

Tambaya: Malam, na ga tsohuwar na'urar CD ta Sony a gwanjo, mai nauyi, tana da wurin saka wayar dijital a baya. Za ta yi mini aikin tiransifot? Daga Zariya.

Amsa: Za ta yi, kuma sau da yawa ita ce cinikin da ya fi. Amma juya bayanta ka karanta tukuna. Wadda aka yi don kasuwar Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, mu kuwa wutarmu 230 ce. In ka soka ta kai tsaye, za ka ƙone ta, sai da tiransifoma mai rage wuta. Na biyu idon lesa, domin shi ke fara gajiya. Je da fayafai biyu, na kamfani da wanda aka kwafa a kwamfuta, tunda ido mai rauni na kwafi yake fara ƙi. Ka gwada waƙar farko da ta ƙarshe, saboda CD daga ciki ake karanto shi zuwa baki, kuma a bakin ne faifan da ya ɗan lanƙwashe ya fi wahalar da ido. Tambayi mai gyara lambar idon da ke ciki. KSS-213 yana ko'ina kuma da arha, KSS-151A kuwa ya yi wuya, in ya mutu kusan na'urar ta tafi. In tiren yana ƙin fita, yawanci bel ne ya saki, ƙaramin aiki ne. Ka tanadi mayafin rufe ta kafin hunturu, ƙura ce babbar abokiyar gabar ido.

Tambaya: Maigidana ya sayi Cambridge CXC, amma fayafan wa'azi da waƙoƙin da nake saya a kasuwa ba ta karanta su, alhali DVD tana yi. Ko an sayar mana da mai matsala ne? Wata 'yar'uwa daga Damagaram.

Amsa: Hajiya, da alama na'urar lafiyarta ƙalau. Faifan CD na sauti minti 74 zuwa 80 yake ɗauka. In kin ga faifai ɗaya ɗauke da waƙa ɗari ko tafsirin wata guda, to MP3 ne aka zuba a ciki, ita kuwa CXC faifan sauti na asali kaɗai take karantawa. Ki gwada ta da CD na kamfani, in ta juya shi magana ta ƙare. Waɗancan fayafan ki bar wa DVD, ki haɗa ta da DAC ɗin ta wayar haske, irin Toslink da Toshiba ta ƙirƙiro. Da yake haske ke bi ta cikinta ba lantarki ba, ba ta jawo gurnanin wuta daga talabijin zuwa sifika.