Na'urar ciwon baya: a sayar da fili ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi wa mahaifinmu aikin baya a Indiya shekara biyu da suka wuce. Ya ɗan samu sauƙi, sai ciwon ya dawo, zugi da raɗaɗi suna sauka ta ƙafar hagu har tafin ƙafa. Wanda ya yi mana hanyar asibitin ya ce akwai na'ura mai batir da ake dasawa a baya, wai da an saka ta an rabu da ciwo. Yayyena sun ce a sayar da filinmu na Arkilla. Ni dai hankalina bai kwanta ba. (Wani matashi daga Mabera)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Na'urar gaskiya ce, tun 1967 wani likita a Amurka, Norman Shealy, ya fara dasa ta. Ana zura siraran wayoyi cikin ƙashin baya, su kwanta kan rigar da ta lulluɓe laka, a binne batir mai girman akwatin ashana ƙarƙashin fata, yawanci saman ɗuwawu. Wutar da take saki 'yar kaɗan ce, aikinta ta dagula saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ba ta gyara ƙashi, ba ta warkar da jijiya. Su kansu likitocin, in ciwo ya ragu da rabi sun ce an yi nasara. Saboda haka maganar "an rabu da ciwo" ta dillali ce, shi kuwa dillali la'adarsa yake hange.

Irin ciwon Baba, na jijiya mai bin ƙafa bayan tiyata, yana cikin waɗanda aka fi gwada ta a kansu. Amma ku sani har yau likitoci ba su daina musu a kanta ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara binciken da aka yi kan ciwon ƙugu, ta ce ba a ga hujjar amfani mai ɗorewa da zai rinjayi tsadar aikin da hatsarinsa ba. Wani ya dace, wani kuɗinsa ya tafi a banza.

Shi ya sa ake gwaji tukuna. A saka wayoyin kawai, batir yana waje an liƙe shi da filasta, mutum ya yi kwana biyar zuwa bakwai yana tafiya, yana barci, yana lura. In zafi bai ragu da rabi ba, a zare wayoyin, magana ta ƙare. Duk asibitin da ya ce ku biya kuɗin gwaji da na dashe a dunƙule, ko ya ce gwajin ɓata lokaci ne, ku tattara takardunku ku fita.

Abin da ya fi damuna ma ba tiyatar ba ce, ranar da kuka dawo Sakkwato ce. Wannan na'ura ba a saka ta a manta. Waya kan goce daga mazauninta, sai Baba ya ji tsirtsir ɗin wutar na'urar ya koma ciki ko haƙarƙari maimakon ƙafa. Saiti yana son gyara lokaci-lokaci, kuma kowane kamfani, Medtronic ne, Abbott ne, Boston Scientific ko Nevro, da nasa abin saitin. Na wannan ba ya buɗe na wancan. To wa zai saita muku? A wane gari yake? Ku nemi sunansa a rubuce, ku kira shi da kanku kafin ku biya ko sisi. In amsar ita ce "sai ku dawo Indiya", ku haɗa kuɗin biza da jirgi da masauki cikin farashin, ba sau ɗaya ba.

Sai batir. Wanda ba a caji yakan yi 'yan shekaru, ya ƙare a sake tsaga fata a canza shi. Mai caji yakan kai kusan shekara goma, amma dole a riƙa ɗora masa faifan caji a kan fata, wani kullum, wani sau ɗaya ko biyu a mako. Ka san halin wutarmu. In babu sola a gida, ko Baba ba mai haƙuri da rimot ɗin sarrafa na'urar ba ne, a yi wannan lissafi tun yanzu.

Shawarata, fili ya tsaya. Ku ɗauki hoton MRI da rahoton tiyatar farko ku kai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a duba ko akwai abin da ke danne jijiyar wanda gyara yake so, ko maganin jijiya da gashi da allurar baya ba a ba su haƙƙinsu ba. In likitan da ba shi da ko kwabo a cinikin ya ce a gwada, ku biya na gwaji kaɗai.

Tambaya: An dasa mini wannan na'ura ta ciwon baya wata ɗaya ke nan, alhamdu lillahi ina barci. Yaya zan yi da sallah, kuma ina da niyyar Umara? (Wata uwa daga Runjin Sambo)

Amsa: Hajiya, barka da arziki. Mako shida zuwa takwas na farko ba a son sunkuyo, murɗa jiki, miƙa hannu sama ko ɗaukar nauyi, har nama ya kama wayoyin. Ki yi sallarki a kujera, shari'a ta sauwaƙe wa majinyaci. Ruku'u da sujada sai likita ya ba da izini. Daka, jan guga da goyon jika duk su jira, mai Keke Napep kuma a ce masa ya bi ramuka a hankali. Kada wanzami ya ɗora ƙaho a wurin, kada mai tausa ya danna batirin. In za a yi miki gashi a asibiti ko hoton MRI, ki fara faɗa musu, don akwai injin gashi mai ratsa nama da zafi da aka hana masu na'urar, MRI kuma sai da sharaɗin irin taki.

Da zafin Sakkwato, ki kula gumi kada ya jiƙa ɗinkin, kada kuma barci ya ɗauke ki faifan caji na jikinki, yana ɗumama fata. Zazzaɓi, kumburi ko ruwa daga ɗinkin, asibiti a ranar. A filin jirgi ki nuna katin na'urar, ki nemi mace ta bincike ki da hannu. Caja da rimot su kasance a jakar hannu, ba cikin kayan da za a auna ba.

Tambaya: Ƙaramar na'ura mai manne-manne da ake tallatawa a Facebook, ita ce wannan? (Wani tela daga Tsohuwar Kasuwa)

Amsa: A'a, Malam. Waccan a kan fata ake manna ta, babu tiyata, kuma tana da araha. Wasu sukan ji sauƙi na ɗan lokaci. Mai na'urar bugun zuciya ya nisance ta, mai juna biyu ta tambayi likita, kuma ba a manna ta a gaban wuya.