Ki gama da takardun Karolina kafin ki tsallaka teku

Wa alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu sarari domin ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce dangin maigidanki suna da labarin cewa kakansu na farko ya zo daga Sikotlan tun Amurka tana ƙarƙashin Turawan Ingila, ya zauna a Karolina ta Arewa, kuma ban da sunan dangi mai farawa da Mc babu abin da kuke da shi. Ga yara sun fara tambaya. Ni ma ramin da na faɗa ke nan. Surukina kafin ya rasu ya damƙa mini wani akwatin takardu, ya ce tun da ni ne mai son tone-tone in nemo masa mutumin. Shekara huɗu ke nan ina kai.

Bari in fara da wautar da na yi, don kada ki maimaita. Daren farko na buɗe ScotlandsPeople, rumbun da hukumar adana takardun Sikotlan take gudanarwa, na zuba kuɗi, na buga sunan. Sai ga mutum mai sunan daidai, haihuwar wajajen 1745. Na yi murna, na hau gina masa iyaye da kakanni har hawa uku, na tura wa dangi. Bayan wata biyar na gano bawan Allahn nan yana can garinsu ana yi wa 'ya'yansa baftisma a 1782. Ko jirgin ruwa bai taɓa hawa ba. Kunyar janye wannan bishiyar a gaban surukai, ba na fatan ki ɗanɗana ta.

Dalili kuwa mai sauƙi ne. Mac a harshen Gelik, yaren mutanen tsaunukan Sikotlan, ma'anarsa ɗa. Neman wani McDonald ko McNeill da suna kawai tamkar ki shiga Kano ne ki ce kina neman Ɗan Musa. Ga shi kuma suna da al'ada irin tamu ta maimaita suna: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu sunan kakansa na wajen uwa, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa. Saboda haka a unguwa ɗaya sai ki tarar da Donald, Neill, Duncan da Archibald suna ta zagayawa. Su kansu da laƙabi suke bambancewa, kamar yadda muke cewa Dogo ko Jatau ko Ƙarami: Ban shi ne fari, Dubh baƙi, Ruadh ja, Mor babba, Og ƙarami. Idan wani tsoho a dangin ya tuna laƙabi irin wannan, ki rubuta shi, ya fi sunan yanka amfani. Rubutun sunan ma kada ya ɗaure miki kai. Magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, shi ya sa mutum ɗaya zai fito McNeill a nan, McNeil a can, McNeal a wani wurin.

To, ta ina? Daga maigidanki, ki yi baya, tsara bayan tsara, kowace da takardarta. Ƙidayar 1850 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane mutumin da ba bawa ba ne a gida tare da shekarunsa da inda aka haife shi. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidan da aka rubuta wa Sikotlan, kin kama bakin zaren. Daga 1840 zuwa baya har 1790 sunan maigida kaɗai ake sawa, sauran mutane lissafi ne. Daga nan sai wasiyya, takardun rabon gado, cinikin gona, da jerin masu biyan haraji. Yawancinsu suna gidan adana takardun jihar a Raleigh, kuma FamilySearch, wani shafin intanet na neman asalin dangi, ta ɗauki hoton da dama kyauta. Takardun gona su ne suka fi yi mini aiki, domin suna faɗin rafin da gonar take da sunayen maƙwabta, kuma mutanen nan ƙauye guda suke tasowa su sauka wuri guda. Mutum huɗu masu sunan kakanmu na tarar a gunduma ɗaya, da sunan rafi na raba su.

Ki kula da iyakar gunduma, tana yawo. An yanki Cumberland daga Bladen a 1754, aka yanki Moore daga Cumberland a 1784, Robeson kuma daga Bladen a 1787. Mutum yana zaune a gonarsa bai motsa ba, takardunsa sun watsu a gari uku. Gobara ma ta cinye da yawa daga na Bladen da na Moore, don haka in kin ga giɓi ba laifinki ba ne. Ki duba kwafin filayen da gwamnati ta raba, waɗannan a hannun jiha suke.

Abu na gaba da za ki tantance, wane irin ɗan Sikotlan ne, don kalmar tana rufe mutane daban-daban. Akwai waɗanda kakanninsu suka ƙaura zuwa arewacin Ailan tun bayan 1609, suka yi tsara uku ko huɗu a can, sannan daga 1717 suka fara kwarara Amurka ta Philadelphia, suka gangaro kudu da keken shanu zuwa yammacin Karolina. Jikokinsu ma cewa suke su 'yan Sikotlan ne, amma takardunsu a Ailan suke. Akwai 'yan kudancin Sikotlan, masu sana'a da akawun 'yan kasuwar taba na Glasgow, waɗanda haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707 ta buɗe wa ƙofa. Akwai waɗanda suka jinginar da kansu shekara huɗu zuwa bakwai don biyan kuɗin jirgi. Sai mutanen tsaunuka da tsibirai, masu Gelik. Idan danginku na kwarin kogin Cape Fear ne, wajen Fayetteville, to kusan tabbas waɗannan ne. Ayarinsu na farko, mutum kusan 350 daga Argyll, ya iso a jirgin Thistle a 1739, zamanin gwamna Gabriel Johnston, wanda shi ma ɗan Sikotlan ne. Babbar guguwar kuwa ta zo ne daga ƙarshen shekarun 1760 zuwa 1775.

A nan ne labarin baka yake karo da takarda. A gidan surukina an yi imani kakan ya yi yaƙin Culloden a 1746, inda aka murƙushe tawayen Yarima Charles mai neman sarautar Birtaniya, Sarkin Ingila ya kore shi. Kusan kowane gida a yankin haka suke cewa. Gaskiya ne an yi jigilar ɗaruruwan fursunoni bayan tawayen 1715 da na 1745, kamar yadda aka kai fursunonin yaƙin Dunbar na 1650 Boston, wasunsu suka yi aiki a maƙerar Saugus. Amma yawancin mutanen Cape Fear ba korarsu aka yi da bindiga ba. Masu ƙasa ne suka ninka kuɗin haya, farashin shanu ya faɗi, aka yi mugun sanyi a farkon shekarun 1770 dabbobi suka mutu. Da na lissafa shekarun namu kakan, yana goye lokacin Culloden. Ban yi gaggawar faɗa wa 'yan'uwan matata ba, sai da na haɗa takardun a gabansu.

Batun sunayen fasinjojin jirgi, kada ki sa rai da yawa, domin a lokacin babu dokar da ta tilasta rubuta su. Sa'a ɗaya ce: daga Disamban 1773 zuwa Maris na 1776 gwamnatin Landan ta tsorata da yawan masu ficewa, ta umarci jami'an kwastan su rubuta sunan kowa, shekarunsa, sana'arsa, garinsu da dalilin tafiyarsa. Rajistar tana gidan adana takardun Birtaniya a Kew, cikin Landan. Karanta ta akwai ban tausayi, gida bayan gida amsar ɗaya ce, tsadar haya da talauci. Sai dai jirage da yawa sun kwashi mutane a lungunan teku inda babu ɗan kwastan, namu ma ba ya ciki.

Inda na samu haske wuri ne da ban zata ba. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tashi, yawancin sababbin zuwa daga tsaunuka bayan Sarki George na Uku suka bi, wato jikan sarkin da wasu iyayensu suka yaƙa shekara talatin baya. An murƙushe su a gadar Moore's Creek ranar 27 ga Fabrairun 1776, aka kama ɗaruruwa, har da mijin Flora MacDonald, matar nan da ta taimaki Yarima Charles ya tsere bayan Culloden, wadda ita ma ta zo Karolina a 1774. Bayan yaƙi an ƙwace gonakin wasu, suka tafi Nova Scotia ko suka koma gida, suka kai kukan diyya ga kwamitin da Majalisar Birtaniya ta kafa a 1783. Takardun suna Kew, rukunin AO 12 da AO 13. Mai neman diyya dole ya ba da tarihinsa: yaushe ya zo, gona nawa ya saya, wa zai yi masa shaida. Ƙanen kakanmu ya shigar da irin wannan ƙorafi, ya faɗi shekarar zuwansu, ya ambaci wansa da ya rage a gonar. Don haka ki bi 'yan'uwa, kada ki maƙale wa mutum ɗaya.

Sunan garinsu kuma a maƙabarta na same shi. Mutanen nan suna son rubuta asalinsu a dutsen kabari: haifaffen tsibirin Skye, ko Jura, ko yankin Kintyre. Ki zagaya tsofaffin cocinsu, musamman Barbecue da Longstreet da Bluff, waɗanda Fasto James Campbell ya fara yi wa wa'azi da Gelik a 1758. Longstreet yanzu tana cikin filin barikin soja, sai da izini ake shiga. Mu a wata ƙaramar maƙabartar dangi cikin dajin fir muka ga dutsen ɗansa na fari, da sunan yankin cocin da aka haife shi a Kintyre.

Sai a lokacin komawa ScotlandsPeople ta yi ma'ana. Ki sani rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa a 1855 ta fara. Kafin nan littattafan coci ne, mafi tsufa na 1553, amma a tsaunuka da tsibirai da yawa ba su fara ba sai ƙarshen ƙarni na 18, wasu a Skye ma bayan 1800. Na yankinmu ya fara ne bayan sun riga sun tafi. Abin da ya rage shi ne littattafan dattawan coci, inda ake rubuta rigingimu da tara da takardar shaidar hali ga mai barin gari, da kuma littattafan hayar masu ƙasa, irin na gidan sarautar Argyll da ke Inveraray. Wani sauƙi ɗaya, matan Sikotlan ba sa yar da sunan gidansu a takarda bayan aure, to in kin san sunan uwar, neman ya ragu da rabi. Ki kuma lura da kwanan wata: Sikotlan ta mai da farkon shekara 1 ga Janairu tun 1600, Ingila da yankunanta na Amurka kuwa 25 ga Maris suke farawa har 1752. Takardar Fabrairu tana iya ɗaukar shekara biyu daban a gaɓa biyu na teku. Gwajin ƙwayar halitta ta layin maza, in maigidan ya yarda, yana taimakawa wajen ware dangi masu suna ɗaya, amma ba ya faɗin sunan kowa.

Akwai abin da nake so ki shirya masa tun yanzu. Ranar da na samu wasiyyar kakan a Raleigh, na karanta rabon gona, shanu, tukwane, gadon kwana, sai ga sunayen mutum biyar, suna ɗaya-ɗaya babu na uba, an raba su tsakanin 'ya'ya. Mutumin da ya gudo daga zaluncin mai ƙasa ya mutu yana da bayi. Na daɗe zaune ban juya shafin ba. A kurkukun Fayetteville ɗin nan ne aka tsare Umar ibn Sa'id a 1810, malamin Futa Toro ta kwarin kogin Senegal da aka sayar bawa a Charleston, yana rubutun Larabci a bango. Ƙasa ɗaya suka taka da mutanen da nake nema. 'Ya'yana jinin mai wasiyyar ne, kuma jinina ne, saboda haka na sa sunayen biyar ɗin a littafin da nake haɗa musu, a shafi ɗaya da nasa.

Ki tambayi surukarki ko wata gwaggon maigidan sunan gunduma mafi tsufa da suka sani, da inda aka binne kakan kakansu, ki kuma duba ko akwai tsohon Baibul na gida mai sunaye a bangonsa. Ki turo mini sunan gundumar kawai, zan gaya miki daga wadda aka yanke ta da kuma ko takardunta sun tsira daga wuta.