Tambaya da Amsa: Anti, hotunan da ke wayata za su iya zama katin sayarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Gwammaja, kuma Allah ya ɗora min son ɗaukar hoto, duk inda na je sai na ɗauka, Dutsen Dala ne, marinar Ƙofar Mata ce, dawakan hawan sallah ne, har wayata ta cika. Ƙawayena sun dame ni wai in mayar da su katin gaisuwa in dinga sayarwa, to ni ban san ta ina ake farawa ba, kuma tsorona kar in zuba ɗan kuɗin adashina in zo babu mai saya. Dan Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tsoron nan naki yana kan hanya, kar ki bari ƙawaye su cire miki shi da zuga, dan ranar da katin ya fito su ne za su fara cewa a ba su ɗaya kyauta.

Mu fara da maganar da ba za ki so ji ba. Bakano ba ya shiga shago ya sayi kati dan kawai ya ce wa mutum barka da sallah. Takawa yake ya je har gida ya durƙusa ya gaida manya, in nesa ne ya buga waya, in ma ya ji ƙyuya ya tura hoton rago a WhatsApp kyauta. Da can samari kan kai wa 'yan mata katin sallah mai furanni, amma waya ta kashe wannan kasuwar tuntuni. Saboda haka in kika buga kati ɗari biyu kika jera kina jiran mai wucewa, wallahi ƙurar hunturu ce kawai za ta zama kwastomarki.

Inda kati yake tafiya a garin nan shi ne inda yake raka wani abu. Ki duba masu kek da cincin da dubulan na sallah, masu turaren wuta da humra, masu haɗa kwandon kayan azumi da ake kai wa surukai da iyayen gida, duk waɗannan suna son ɗan kati mai kyau da za su saka a cikin kaya ya ɗaga darajar abin, kuma su ba ɗaya-ɗaya suke saya ba, hamsin ne ko ɗari a lokaci guda. Ga Islamiyyu lokacin saukar Alƙur'ani, ga amare masu son katin godiya a cikin kayan rabon biki, ga ofisoshi da makarantun kuɗi da ke aika gaisuwar sallah. Sai kuma baƙi da 'yan Kano mazauna Legas, Abuja ko Ingila, su kam hoton Dala kaɗai ya isa ya taɓa musu zuciya. Waɗannan za ki bi da ƙafarki da samfur a hannu, kuma ƙa'idar ita ce oda tukunna, a ba ki rabin kuɗi, sannan ki buga. Samfur kala biyar ko shida ya ishe ki farawa.

Abin da kika fi katin kanti da shi, naki na gida ne. Kowa zai iya samo hoton fure daga intanet, amma hannun marini da ya yi shuɗi har gwiwar hannu yana tsamo zane daga rijiyar baba a Ƙofar Mata, wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, wannan sai wanda ya je ya tsaya. Haka tulin kwando da faifai da jakunkunan fata a Kasuwar Kurmi, ko zanen bangon Gidan Makama, ko kwalliyar doki kusa-kusa, linzami da jalala ba sai an ga mahayin ba. Ki tuna a Disambar 2024 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, ki rubuta irin wannan a bayan kati layi ɗaya ko biyu, mai saye yana son ya san me yake riƙe da shi. Hotunan hawan da kike da su ki adana su da kyau, tunda a 'yan shekarun nan ba kowace sallah ake samun hawan ba.

Yanzu aikin kansa. Girman da ya fi sauƙi shi ne ki ɗauki takarda A5 ki ninke biyu ta zama A6, wato santimita 10.5 da 14.8, dan akwai ambulan ɗin da aka yi daidai da shi, C6 ake ce masa. Takardar A3 guda tana ɗaukar irin wannan kati huɗu cif, in ba a bar rarar yanka a gefe ba. Masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci, ma'ana hoton fuskar katin ya kai wajen fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1240 da 1748, kuma wayar da ke da megafiksel 12 tana ba da kusan 4000 da 3000, kin ga ta wadatar har da ragi. Matsalar ba wayar ba ce, hanyar turawa ce. In kika tura wa mai firinta hoto ta WhatsApp yadda kika saba, matse shi yake ya rage masa inganci, a allo ki gan shi tas amma a takarda ya fito dishi-dishi. Ki tura shi a matsayin dokumen, ko ki kai a filash. Kuma hoton da kika jawo da zum daga nesa, ki haƙura da shi kawai.

Takarda ki nemi kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, ƙasa da haka katin ba zai tsaya da kansa a kan tebur ba. Ki ce su ja miki layin ninki da inji kafin a ninke, in ba haka ba kwalin tsagewa yake a gadon baya farin ciki ya leƙo, abin ba kyan gani. Ki bar hoton ya zarce gefe da milimita 3 ta kowane ɓangare saboda yanka, rubutu kuma ki janye shi daga baki. In za a manna wa katin leda mai sheƙi a sa a waje kaɗai, ciki a bar shi haka, dan biro ba ya kama takarda mai sheƙi, mutum ya rubuta gaisuwa ya shafa da hannu ta goge.

Kala kuma sai kin sa ido, musamman ke mai hoton marina. Allon waya haske yake fitarwa, firinta kuwa tawada huɗu take haɗawa, shi ya sa shuɗin baba mai zurfin nan yakan fito ya dusashe ko ya karkata ya koma ruwan makuba. Kar ki taɓa yarda a buga duka sai an fitar miki da guda ɗaya kin fita da shi waje kin duba a hasken rana, ko da mai shagon yana ta cewa Hajiya ba matsala haka zai fito. Ki kuma duba rubutunki, wasu salon haruffan ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ki ga ɗan akwati a wurinsu.

Abu ɗaya da ni dai ba na so, buga ayar Alƙur'ani a kati. Bayan sallah da sati ɗaya yara ne za su yi wasa da shi a tsakar gida, daga nan sai bola. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana, ya isa.

Kuɗi kuwa ki lissafa komai, bugu, yanka, ambulan, ledar sakawa, kuɗin adaidaita sahu zuwa Sabon Gari da dawowa, data, da waɗanda za su lalace dan sai an samu. Ki raba da yawan katin da suka fito lafiya, sannan ki ɗora ribarki. Farashin takarda ba ya zama wuri ɗaya, ranar da za ki faɗa wa kwastoma kuɗi ki fara kiran mai ɗab'i. Na ƙaramar sallah ki gama bugu kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin nan shagunan cika suke kuma ga wuta ba tabbas.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ina Kurna, na iya haɗa zane a manhajar Canva amma ban iya ɗaukar hoto ba. In na sauko da hotunan hawan Daushe daga Facebook na yi kati da su akwai laifi? Ai kowa ma ɗauka yake.

AMSA: Akwai laifi ƙanina. Hoto na wanda ya ɗauka ne ko da bai rubuta sunansa a jiki ba, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hotuna, akwai ma hukuma guda da aka kafa dan wannan. Sakawa a Facebook ba kyauta ya ba ka ba, balle ka goge sunansa ka sayar. Ka yi masa magana ta inbos, da yawansu za su yarda in za ka biya wani abu ko ka sa sunansu a bayan katin, kuma yarjejeniyar ta zama a rubuce ko da saƙon waya ne.

Ke ma ta Gwammaja wannan ya shafe ki ta wani gefen. Hoton naki ne amma fuskar ta mai ita ce, in mutum ya fito sosai ana gane shi, marini ne ko mai tallan fura, ki koma ki nemi izininsa ki kai masa kati ɗaya da ɗan ihsani, yara kuma sai da yardar iyayensu, matan aure ma kar ki fara. Kai kuma tunda ka iya zane ita ta iya hoto, irinku ne ya kamata ku haɗa hannu, amma ku yanke yadda za a raba riba tun kafin a buga ko guda ɗaya.