Hukuncin Karanta Tatsuniyoyin Allolin Girkawa, da Sarƙar da Ke Wuyan 'Yarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da 'ya mai shekara 14. Tun bara ta kamu da son littattafan tatsuniyoyin Girkawan dā, na su Ziyus da Atina da dodanninsu. Ba ta wasa da salla, Islamiyya ma tana zuwa. Wani malami a unguwarmu ya ce karanta su haramun ne, yana iya kai mutum ga kafirci, in tattara in ƙone. Har sarƙa kawunta ya kawo mata tsaraba daga Turkiyya mai kan wata mata da gashin macizai, ranar jarrabawa ba ta yarda ta fita babu ita, wai tana kore mata kambun baka. Babanta bai san zancen ba. In ƙone littattafan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa, Allah ya raya miki ita, ya saka miki da wannan kishi. Kin cika wasiƙarki da zancen littattafai, kin ambaci sarƙa a wuce kamar ba komai ba, alhali a nan hukuncin yake. Da sarƙar zan fara.

Matar da ke jikinta sunanta Medusa. A tatsuniyarsu ɗaya ce daga cikin 'yan uwa mata uku, gashinta macizai, duk wanda ya kalli fuskarta sai ya sandare ya zama dutse, har wani jarumi Farsiyus ya sare mata kai yana kallon inuwarta a jikin garkuwa, ya miƙa kan ga Atina. Abin da ya kamata ki sani shi ne Girkawa ba su tsaya ga ba da labarin ba. Sun riƙa zana wannan kai a garkuwoyi da kuɗin ƙarfe da saman ɗakunan bautarsu don ya kore musu sharri. Laya ce tasu. To yarinyarki, da ta ce yana kore mata kambun baka, ta ɗauki abin a kan ainihin aikin da masu shi suka ƙirƙire shi dominsa, ko ta sani ko ba ta sani ba. Rataya irin wannan don neman tsari haramun ne ba tare da saɓani ba, hadisin tamima, wato laya, kuwa sananne ne. A cire ta yau, a karya ta, kada a ba wa wata.

Amma kada ki je ki ce mata ta kafirta. Wanda ya ƙudurce cewa abin da kansa yake karewa ya faɗa babban shirka, wanda ya ɗauka sababi ne kawai kuma Allah ke karewa ya faɗa ƙarami, yarinyar da ke salla biyar kuma ba a taɓa yi mata bayani ba, haƙƙinta a kanki shi ne bayani. Ina kyautata zaton tsoron jarrabawa ne ya kama ta, ta rasa abin riƙewa ta riƙe ƙarfe. Idan kin ƙwace sarƙar kin bar tsoron, gobe zobe za ta samo. Ki zauna da ita da asuba ku karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare, har bakinta ya saba. Ki kuma tambayi kanki daga ina ta koyi cewa ana rataya abu a wuya don tsari, domin sau da yawa yaro a gida yake gani.

Sai littattafan. Abin da nake gani shi ne karanta su halal ne a asali, ga wanda ya san ƙarya ce, kamar yadda ya san Gizo bai taɓa auren Ƙoƙi ba. Malamin unguwarku kishin tauhidi ne ya sa shi, Allah ya ba shi lada, amma maganarsa ta wuce gona da iri, kuma tunda ra'ayi ne da nake yawan ji, bari in tsaya a kansa.

Hujjar masu wannan ra'ayi ta farko aya ta 6 ce a Suratu Luƙman, kan mai sayen “lahwal hadisi”, wato zance mai shagaltarwa. Wasu malaman tafsiri sun ce ta sauka ne kan Nadru ɗan Haris, wanda yake kawo labaran Farisawa na Rustum da Isfandiyar yana ba Ƙuraishawa. Gaskiya ne an faɗi haka. Amma a ƙarasa ayar: “domin ya ɓatar daga hanyar Allah.” Nadru yana jira ne Manzon Allah (SAW) ya tashi daga majalisi, shi kuma ya zauna a wurin ya ce labarina ya fi nasa daɗi. Laifin yana cikin wannan niyya da wannan aiki. Yarinyar da ta dawo daga Islamiyya ta ɗauki littafi kafin magariba ba a sa ta layi ɗaya da shi.

Ta biyu, hadisin Umar (RA) da ya zo da takardu daga Attaura, Annabi (SAW) ya yi fushi. Malamai sun yi magana kan isnadinsa, wasu sun kyautata shi. Mu ɗauka ya inganta. Attaura littafi ne da asalinsa wahayi, gaskiya ta cakuɗe da abin da aka sauya, kuma haɗarin shi ne a nemi shiriya a cikinsa. Wa ke buɗe labarin Kuronos, uban Ziyus, wanda ke haɗiye 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya har matarsa ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa ya haɗiye a madadin Ziyus, don ya koyi yadda ake bauta? Girkawan ma kansu akwai waɗanda abin ya ishe su. Wani masaninsu Zinofanis, fiye da shekara 2,500 da suka wuce, ya zargi mawaƙansu Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya ce da dawakai da shanu suna da hannun zane, da sun zana allolinsu da kamannin doki da sa.

Cewa kuma ambaton sunayensu kafirci ne, wannan Alƙur'ani ya warware shi. Muna karanta Lata da Uzza da Manata a cikin salla, da Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra na mutanen Nuhu. Hakaito kafirci ba kafirci ba ne, ƙa'ida ce da malamai suka daɗe a kanta. Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum kan gumakan Larabawa. Shaharastani, wanda ya rasu a shekara ta 548 bayan hijira, ya tattara addinan mutane da maganganun Girkawa a Almilal wan Nihal, kuma har yau malamai na karanta shi. Biruni ya kwatanta aƙidun Indiyawa da na Girkawa. Medusar nan taki ma ta shiga littafin Musulmi: Abdurrahman Assufi, masanin taurari na ƙarni na 4 bayan hijira, ya kira tarin taurarin Farsiyus “mai ɗauke da kan gul”, wato kan dodo, kan Medusa ke nan, daga nan Turawa suka samo sunan tauraron da suke kira Algol. Ban ga malamin da ya fitar da su daga Musulunci don sun san waɗannan sunaye ba. Huzaifa (RA) kuwa ya ce mutane suna tambayar Annabi alheri, shi yana tambayar sharri don gudun kada ya riske shi.

Inda maganar malamin take da ƙarfi shi ne shekarun yarinyar, kuma sarƙar ta nuna cewa labarin ya fara tsallakowa daga takarda zuwa zuciya. Shi ya sa ban ce ki sakar mata ba. Aflatun ma, Bagirke ɗan uwansu, ya nemi a hana yara jin wasu daga cikin waɗannan labarai. Akwai alfasha a cikinsu mai yawa. Ziyus yana rikiɗa ya zama bijimi ko tsuntsu don ya kai ga matan mutane, kuma wasu bugu suna kawo wannan dalla-dalla da hotunan tsiraici. Irin waɗannan a fitar da su daga gidan, haramcinsu daga batsar ya zo. Sauran ki buɗe da kanki ki duba, in Turancin ya yi miki nauyi ki sa ta ta ba ki labarin da Hausa. Za ki ji yadda take kallon abin daga yadda take faɗa. Ki tambaye ta: wanda aka haifa, aka ɓoye shi a kogo don tsoron ubansa, ya cancanci a kira shi abin bauta? Ki bar ta ta amsa da bakinta, sannan ku karanta “lam yalid wa lam yulad”.

Ki kasa kunne ga harshenta kuma. Yara kan ɗauko rantsuwa da sunan waɗannan alloli daga littafi da wasannin waya suna ganin wasa ne. Idan ta suɓuce mata, ta ce la'ilaha illallahu kamar yadda aka umarci wanda ya rantse da Lata, ta daina. Sassaƙaƙƙen gunkinsu a ɗaki don ado bai halatta ba. Idan kin ga karatun yana cin lokacin haddarta, ko ta fara jin nauyin tashi salla, ki ajiye littattafan na wasu watanni, wannan ikonki ne na uwa ba sai an nemi fatawa ba.

Babanta ya kamata ya sani, shi ma makiyayi ne a gidan, sai dai ki zaɓi lokacin da ba zai taso mata da faɗa ba. Kawunta kuwa da alama ado ya gani a kasuwa ya saya, ki gode masa, ki faɗa masa ma'anar abin cikin mutunci don kada ya sake kawo wa wani.

Wallahu a'alam.